Ragar murhun Baba, da laifin da aka ɗora mini

Ranar Asabar na kwashe kayana daga shagon da na shekara shida ina koyon walda a Sabon Gari. Mun rabu da maigidana lafiya, ya sa mini albarka, na yi masa godiya. Amma akwai aiki ɗaya da har yau yake ci mini rai, kuma ina so yaran da na baro a shagon su ji yadda aka yi daga bakina.

A hunturun bara wani dattijo, tsohon malamin jami'a da ke zaune a Samaru, ya zo neman ragar da za ta tare bakin murhunsa. Murhun akwati ne na ƙarfen kas, wato ƙarfen zubi, mai ƙafa huɗu da ƙofa da bututun hayaƙi, an rubuta Jøtul a jikinsa, wani kamfanin ƙasar Norway da ke aiki tun 1853. Bature abokin aikinsa ne ya bar masa da zai koma gida. Idan sanyin Janairu ya matsa, Baba yakan so ya buɗe ƙofar ya ji ɗumi, sai dai tartsatsi kan faɗo kan darduma, ga jikoki suna wasa a wurin. Ya zaga kasuwa, ya aika har Kano, bai sami wadda ta hau bakin ba.

Da muka je gidan, Oga ya ɗora tef sau ɗaya, ya ce a yanko ragowar ragar da muka yi wa wani kejin kaji, a liƙa hinjinta a jikin murhun. Na ce, "Oga, wannan ragar galbanayiz ce, mai shafin tutiya, kuma kas ba ya son walda a sanyi." Ya ce, "Kai za ka koya mini aiki?" Na yi shiru na ɗauki sandar walda. Wannan shirun shi ne kuskurena, na yarda da shi.

Duk wanda ya taɓa kama kas ya san halinsa. Gawayin da ke cikinsa ya haura kashi 2 cikin 100, shi ya sa yake da gautsi: ba ya lanƙwasa, sai dai ya tsage. In dole ne a yi masa walda, sai an gasa shi tukuna, a sa sanda mai nikel, a tafi kaɗan-kaɗan, sannan a binne shi a yashi ya huce a hankali. Mu kuwa da sandar da muke yin ƙofofi muka far masa. Kafin in ajiye gilashi na ji ƙara, ƙas! Tsaga ta tashi daga gefen ƙofa kusan tsawon yatsa. Ragar ma da aka hura wuta daga baya sai ta riƙa fitar da farin hayaƙi, saboda tutiyar da aka shafa mata tana narkewa tun a digiri 420, kuma hayaƙinta kan sa zazzaɓi da ciwon kai.

A gaban dattijon Oga ya nuna ni ya ce, "Baba, a yi haƙuri, yaron ne bai iya ba." Aka yanke mini kuɗin sati biyu. Kuɗin ban damu da su ba kamar yadda na damu da kallon da Baba ya yi wa murhun, yana shafa tsagar da hannu bai ce komai ba.

Bayan kwana uku na hau acaba na koma Samaru ni kaɗai. Na ɗora kwali a bakin murhun na zana shi, domin tsohon kas ba ya zama daidai a kowace kusurwa, tef kuma ba ya nuna haka. Na bar 'yar rata a kowane gefe saboda ƙarfe yana buɗewa in ya ɗauki zafi. Na nemo ragar sitenles mai ƙananan idanu, na yi mata firam, na sa ƙugiya biyu da za su rataya a leɓen murhun, da maƙama ta nannaɗaɗɗiyar waya don kada ta ƙona hannu. Ban ƙara taɓa jikinsa da wuta ba. Tsagar kuwa, na huda ƙarshenta da ƙaramin diril don kada ta ci gaba, na cike ta da simintin murhu.

Sauran abin da na koya gajere ne. Ku auna da kanku. Ku tambayi mai kaya yadda yake amfani da kayansa kafin ku yanka ƙarfe. In babba ya sa ku abin da kuka san zai ɓata kayan mutane, ku faɗa da ladabi a gaban wani, don gobe a sami shaida.

Oga bai san na koma ba, ban kuma faɗa masa ba. Da Baba ya ji zan buɗe rumfata a Tudun Wada, ya kira ni ya ce, "Ɗana, ƙofar gidan nan ta lalace, kai nake jira." Ita ce aikina na farko ranar Litinin.