Mauritaniya: daga bakin teku zuwa garin Shinƙiɗ

Da wuya a sami ɗalibin ilimi a ƙasar Hausa da bai taɓa jin an ce "Shaihu Shanƙiɗi" ba, ko a bakin malaminsa ko a bangon littafi. Wanda ya yi karatu a Madina zai ambato maka Shaihu Muhammadul Amin, mai tafsirin Adwa'ul Bayan, wanda ya rasu a farkon 1974. Shi da sauran masu wannan laƙabi mutanen Mauritaniya ne. Amma da na fara gaya wa mutane Mauritaniya na nufa, akasari sai a tambaye ni ita kuma a ina take. Wani abokina ma ya ɗauka tsibirin Morishiyas za ni, har yana yi mini tsiya wai na yi kuɗi. Ƙasa ce da ta fi Nijeriya faɗi, murabba'in kilomita sama da miliyan ɗaya, amma mutanenta kusan miliyan biyar ne kacal, sauran duk rairayi da duwatsu.

Abin da ya fara ba ni aiki shi ne takardu. Mauritaniya ta fice daga ECOWAS tun 2000, saboda haka mai fasfon Nijeriya ba zai shiga kamar yadda yake shiga Ghana ko Senegal ba. Daga farkon 2025 ana neman biza ta intanet tun kana gida, ka buga takardar amincewa ka riƙe, in ka sauka ka biya da tsabar Yuro ko dala, a ɗauki hotonka da zanen yatsu. Na haɗa da katin rigakafin shawara. Ta Dakar na bi, daga can jirgi bai fi sa'a guda a sama ba. Filin jirgin Nuwakshot, babban birnin ƙasar, sabo ne, an buɗe shi a 2016, yana can wajen gari ta arewa, kuma agogonsu yana bayan namu da sa'a ɗaya.

Akwai wata takarda da babu wanda zai tambaye ka ita a filin jirgi, amma in ka fita daga babban birni ba ka da ita za ka sha zama. Takarda ce guda da kake rubuta sunanka, lambar fasfo, lambar biza, sana'a, inda ka fito da inda za ka, ka yi kwafinta da yawa. A kowane shingen jandarma direba zai miƙo hannu baya, ka ba shi ɗaya, ya miƙa ta taga, a ɗaga muku hannu. Wanda bai tanada ba sai ya sauka an kwafe bayanansa da biro a cikin babban littafi, fasinjoji suna jiransa a rana. Mai masaukin da na sauka shi ya ce in yi kwafi ashirin, na ga kamar ya yi yawa, ashe ya san hanyarsa. Ban ga jandarman da ya nemi na goro a wurina ba, abin da ya sa na riƙa kallonsu da mamaki har muka wuce.

Sai kuɗi. Sunan kuɗinsu ugiya, sun fita daga sefa suka ƙirƙiro shi a 1973. A ranar 1 ga Janairu 2018 aka yanke masa sifili ɗaya, tsohuwar ugiya goma ta koma sabuwa ɗaya. Takardun sun canza, bakin mutane bai canza ba. Mai tasi zai ce maka dubu, yana nufin ɗari. Mai shago zai ce dubu biyar, takardar ɗari biyar yake jira. In ba ka tambaya "tsohuwa ko sabuwa?" ba, kana iya biyan ninki goma, kuma ba kowa ne zai maido maka ba. Na zo da Yuro na canza a cikin gari, don naira ba ta da kasuwa a can, na'urar cire kuɗi kuma ba abin dogaro ba ce da zarar ka bar Nuwakshot. Su kansu 'yan ƙasar yanzu da waya suke biyan kusan komai, ta manhajar Bankily da ire-irenta, amma baƙo tsabar kuɗi ce rufin asirinsa.

Nuwakshot ba gari ne da zai burge ka da gini ba. Ƙaramin ƙauye ne aka zaɓa a 1958 don ya zama hedkwata kafin samun 'yanci daga Faransa a 1960, sai farin shekarun 1970 ya koro makiyaya suka cika shi. Gari ne shimfiɗaɗɗe, rairayi yana cin gefen kwalta, awaki suna yawo, tsofaffin Marsandi da ko fitila babu suna jigilar mutane. Maza cikin darra'a fara ko shuɗiya mai faɗin hannu, mata cikin malahfa, mayafin da suke naɗe jiki duka da shi. Da babbar rigata na fita, babu wanda ya kalle ni sau biyu. Wurin da ya cancanci a ba shi yamma guda shi ne bakin teku, inda masunta ke dawowa bayan la'asar. Kwale-kwale masu fenti kala-kala jere iya ganinka, matasa suna turo su kan tudu da waƙa, wasu suna gudu da kwandunan kifi a ka, ruwa na zuba a kafaɗarsu. Yawancinsu Wolof ne da Fulani. Na yi 'yar Fillancin da na tsinta a Yola, aka fahimci gaisuwata, daga nan kuma zance ya ƙare da dariya.

A nan ne baƙo baƙar fata zai fara lura da yadda al'ummar take hawa-hawa. Akwai Larabawa farare, akwai Haratin masu magana da Hassaniyya, Larabcin ƙasar, waɗanda kakanninsu bayi ne, akwai Fulani da Soninke da Wolof na kudu. Sai a 1981 aka soke bauta a hukumance, sai kuma a 2007 aka mai da ita laifi. Maganar tana da zafi har yau. Ni dai na fi saurare fiye da tsoma baki, kuma haka zan ba wani shawara.

Motar Atar, garin da ake bi kafin a kai Shinƙiɗ, tana tashi da sassafe, tafiyar kilomita kusan 440 a kan kwalta, ta garin Akjujt mai ma'adinin tagulla da zinariya. Hanya ce miƙaƙƙiya, sai raƙuma nan da can. Da azahar ta yi direba ya tsaya a fili, kowa ya sauko, aka buga taimama a ƙasa, wani dattijo ya wuce gaba. Da na ji karatunsa a sallar magariba daga baya, ƙira'ar Nafi'u ce, kunnena bai ji baƙon abu ba. Kusa da Atar ƙasa ta canza, duwatsun Adrar baƙaƙe suka taso kamar an yanke su da wuƙa. Daga Atar zuwa Shinƙiɗ, wanda a taswira za ka ga an rubuta Chinguetti, kilomita tamanin da wani abu ne, ana hawa dutse ta wata hanya mai lanƙwasa, kuma a-kori-kura mai ƙarfi ake shiga. Ba ta tashi sai ta cika, direba kuma ba ya tashi sai ya gama shayi. Shayinsu kofi uku ne, ana dafa kowane daban, ana ɗaga buta ana juyawa har kumfa ta tsaya. Wanda ya sha na farko ya miƙe ya yi rashin ladabi. Duk lissafin lokacin da ka yi a takarda, ka ƙara masa wannan.

Shinƙiɗ ƙaramin gari ne, busasshen kwari ya raba shi biyu, tsohon gari a gefe guda, rairayi ya riga ya binne wasu gidajensa har ƙofa. Tun ƙarni na 13 yake, kuma nan ne ayarin alhazan yankin ke taruwa kafin su ratsa Sahara, shi ya sa mutanen gabas suka riƙa kiran duk ƙasar da sunansa. A 1996 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tare da Wadan da Tishit da Walata. Masallacinsa na dutse ne da aka jera, hasumiya mai kusurwa huɗu da ƙwan jimina biyar a samanta, cikinsa kuma ba tabarma ba darduma, rairayi ne mai laushi. Na yi sallah a ciki, na tashi da yashi a goshi.

Ɗakunan littattafan kuwa ba na gwamnati ba ne, na iyalai ne, gado tun kaka da kakanni, irin na gidan Habat da na gidan Ahmad Mahmud. Dattijon da ya buɗe mini nasu ya zo da wani mabuɗin itace mai haƙoran ƙusa, ya sa safar hannu, ya fara fito da littattafai daga akwatunan kwali: Alƙur'ani, fiƙihu, nahawu, ilimin taurari, lissafi, wasu a kan fatar barewa, wasu gara ta ci gefensu. Ya saba da Turawa, yana da jawabin da ya haddace. Da ya buɗe wani shafi na karanta layin farko da kaina, sai ya dakata ya dube ni. Rubutun Magaribi ne, fa'un da ɗigo a ƙasa, ƙafun da ɗigo ɗaya a sama, daidai yadda aka koya mana a allo. Ya ce, "Ya Shaihu, daga ina?" Na ce daga Kano, kuma ni ba shaihu ba ne, almajiri ne. Ya ce to almajirin Kano ya zauna. Ya ajiye jawabin nan, ya aika a ɗora shayi, ya tambaye ni me muke karantawa. Na lissafa masa Ahalari, Ishmawi, Risala, Muhtasar. Kowane na ambata sai ya ɗauko farkonsa da ka ya ja, ni kuwa ina ta gyaɗa kai don haddata ba ta kai nan ba.

Wannan haddar ita ce abin alfaharinsu. Makarantunsu na gargajiya, mahadara, a tanti suka tashi, suna bin raƙuma, kuma mai ƙaura ba ya iya ɗaukar littafi da yawa, sai ya zuba shi a ƙirji, galibi a waƙe. Alaƙarmu da su ma ba ta littafi kaɗai ba ce. Shaihu Muhammadul Hafiz, ɗan ƙabilar Idawa Ali, shi ya kawo Tijjaniyya ƙasar daga Fas, kuma ta silsilar almajiransa ta isa ga Alhaji Umaru Futi, wanda ya zauna a Sakkwato ya auri 'yar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Dattijon ya san wannan tarihin fiye da ni. Abin da ya dame ni shi ne halin littattafan: ɗaki ne na ƙasa da dutse, ba na'ura, kuɗin da baƙi ke bayarwa shi ne kusan duk abin da ake kula da su da shi. Wanda ya je kada ya yi ƙyashin abin da zai ajiye.

Yawancin baƙin da na haɗu da su jirgin ƙasa ne ya kawo su, wanda ke ɗaukar tama daga Zuwerat zuwa Nuwadibu, kilomita 704, tsawonsa ya haura kilomita biyu. Suna hawa kan tamar a tashar Shum su kwana cikin ƙura da sanyi don hoto. Na bar wa masu ƙuruciya. Na gwammace in tsaya Tirjit a hanyar dawowa, wani kwazazzabo mai dabino da ruwa yana ɗiga daga jikin dutse, aka ba ni zirig, nonon da ake sirkawa da ruwa da sukari, na yi barcin rana a tanti.

Wanda zai je ya nufi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ya tafi da rawani da rigar sanyi, don daren Adrar yana da sanyin da ya fi na hunturun Kano. Larabcin makaranta ya ishe ka magana da kusan kowa, Faransanci kuma yana taimakawa a ofis da otal. Ka sayi layin waya a Nuwakshot da fasfonka, amma ka san tsakanin garuruwa sabis yana ɗaukewa. Walata da Tishit suna da nisa ƙwarai, ita Walata ma tana can kusa da iyakar Mali, ba tafiyar da ake haɗawa da wannan ba ce. Kada kuma ka sa dawowarka daga Adrar ta zo rana ɗaya da tashin jirginka. Ka bar kwana guda a tsakani, don motar Shinƙiɗ ba kullum take cika da wuri ba.