Yadda na koyi cewa "ban gamsu ba" a gaban jama'a

Na daɗe ina zama a tarukan wurin aiki ina gyaɗa kai ga shawarwarin da hankalina bai kwanta da su ba. Da na ga hannuwa sun tashi, sai gabana ya faɗi, bakina ya bushe, nawa hannun ma ya bi sahu.

Abin da ya fara buɗe mini ido shi ne gwajin da masanin halayyar ɗan Adam, Solomon Asch, ya yi a Amurka a 1951. Ana zaunar da mutum cikin wasu 'yan mutane, a nuna musu layi ɗaya, a ce su zaɓi mai tsawonsa cikin layuka uku. Amsar a fili take, ko yaro zai gani. Sai dai an haɗa baki da sauran su faɗi wadda ba ita ba. Kusan kashi 75 cikin ɗari sun bi yarima sun sha kiɗa aƙalla sau ɗaya, alhali in mutum shi kaɗai ne, kuskuren bai kai kashi 1 ba. Inda ya fi jan hankalina kuwa, da aka samu mutum ɗaya tak ya riga shi faɗin gaskiya, bin jama'ar ya yi ƙasa sosai. Haka ma in aka bar shi ya rubuta amsarsa a takarda.

Su biyun nan na ɗauka. Kafin a fara magana nakan rubuta ra'ayina a gefen littafi, jimla ɗaya, don kada muryoyin manya su goge mini shi. Sannan ina magana da wuri, domin in an kai mutum na biyar kowa yana cewa "haka ne", ƙofa ta rufe.

Ranar da na fara gwadawa, ana maganar wa'adin wani aiki da na san ba zai isa ba. Shugaba ya ɗago ya ce, "Kowa ya amince ko?" Na dubi abin da na rubuta, na ce, "Ranka ya daɗe, ni dai ban gamsu ba, lokacin ya yi kaɗan." Muryata na rawa. Ɗaki ya yi tsit. Can sai wata abokiyar aiki ta ce, "Wallahi abin da ke raina ke nan." Ashe ba ni kaɗai ba ne, kowa jiran wani yake.

Ba kullum ake dacewa haka ba. Akwai ranar da babu wanda ya mara mini baya, wani ma ya yi kwana biyu yana sha mini ƙamshi. Abin ya yi mini ciwo, kuma ba raki ba ne: binciken Naomi Eisenberger da abokan aikinta a 2003 ya nuna cewa in aka ware mutum, wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke aiki lokacin ciwon jiki yana motsawa. Amma ya wuce da sauri fiye da yadda na zata.

Ban ce a zama mai gardama ba. Na san masu musa komai don a gan su, su ma idon mutane ne ke juya su.

Yanzu in ni ke jagorantar zama, kowa zai rubuta ra'ayinsa tukuna, mafi ƙanƙanta a muƙami shi zai fara karantawa, ni kuma in zo a ƙarshe.