Neman yardar iyaye kafin a gwada magani a kan ƴaƴansu

Aikin da wata ƙungiyar bincike ta ɗauke ni a nan Maradi shi ne in zauna da iyaye mata in yi masu bayani kafin a sa jaririnsu cikin gwajin wani rigakafi. Ni ba likita ba ce. Na iya Faransanci, Hausa kuwa a nono na sha ta, kuma na san ƙauyukan kudancin gari har wajen Madarunfa. Kayan aikina takardar neman yarda ce da tawadar dangwale.

Ba mu taka ƙauye ko ɗaya ba sai da kwamitin ɗa'ar binciken lafiya ya duba takardunmu daga Yamai. Suka je suka dawo da gyare-gyare, ga damina na matsowa, wasu abokan aiki na ta ƙorafin ana ɓata mana lokaci. Abin da aka nema bai da yawa. A rubuta ƙarara cewa uwar da ta ƙi, za a ci gaba da duba ɗanta kamar kowa. Idan ba ta iya karatu ba, a samu shaida wanda ba ya cin albashinmu ya zauna har a gama bayani. A faɗi yawan jinin da za a ɗiba da ma'aunin da ta sani, wato ƙaramin cokali. Kuɗin mota kuma kada ya wuce kuɗin mota, don kada talauci ya dangwala yatsa a madadin mai shi.

Gyaran farko shi na fi ganin amfaninsa da idona. Macen da ta sha ganin tamowa da gudawa na ɗaukar yaran maƙwabta, in ta ga farar mota da ma'aikata, tun ban buɗe baki ba za ta ce, "Malama, na yarda." A zatonta magani aka kawo, kuma wadda ta ƙi ta rufe wa kanta ƙofar asibiti. Sai in ce, "Inna, dakata ki ji tukuna." In gaya mata gwaji ne, ba a tabbatar da amfaninsa ba tukuna. Wasu jarirai za a ba su rigakafin, wasu kuma abin da ya yi kama da shi amma babu magani ciki, ƙuri'a ce ke rabawa, ni da likita duk ba mu san wanda ya faɗa ina ba. Nan fuska kan canza. Wata ta tambaya, "To in nawa ya faɗa cikin na banzan fa?" Amsar gaskiya ita ce yana iya faɗawa. Bayan haka sai in roƙe ta ta maimaita mini abin da ta ji da bakinta. In ta kasa, mu sake daga farko.

Da yawa sukan ce sai sun shawarci maigida, kuma mukan ba su kwanaki. Izinin maigari yana buɗe mana gari ne kawai. Yardar miji ma ba ta isa ba in uwar na sunkuyar da kai, don ita ce za ta goya yaron ta kawo shi, ita za ta kwana da shi in jikinsa ya yi zafi.

A wani gari, bayan gaisuwa, maigari ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, ba irin na Kano ba ne dai?" Na ce, "Ranka ya daɗe, tambayar a kan hanya take." Kano ba nesa ba ce da mu, mutanenmu na bin Jibiya da Katsina kullum, labarin kuma ya iso tun da daɗewa. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu, wasu suka tashi da nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye da yawa kuma suka ce ba a taɓa gaya masu gwaji ake yi ba. Takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna, daga baya ta bayyana cewa bayan gwajin aka rubuta ta, aka mayar da kwanan wata baya. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kafin nan, a 2003, jihohi irin su Kano sun dakatar da rigakafin shan inna, kuma abin da ya faru a 1996 na cikin hujjojin da mutane ke kawowa. Cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da a da suka rabu da ita. Yaran da ba su da alaƙa da wancan gwaji su ma sun biya.

Saboda haka ban taɓa ganin irin wannan tambaya a matsayin jahilci ba. Na nuna wa maigari takardar amincewarmu da kwanan watanta, na karanta masa ita da Hausa.

A lokacin horo an koya mana ƙa'idojin Nurembag na 1947, waɗanda suka biyo bayan shari'ar likitocin Nazi na Jamus da suka yi gwaji a kan fursunoni ba da yardarsu ba, da sanarwar Helsinki ta 1964. Dukansu sun tsaya kan yardar mutum ba tare da tilas ba. Amma a fagen aiki na fahimci dalilin da ya sa sai an samu wani daga waje ya sa ido. Mu da ke ciki mutanen kirki ne, muna son rigakafin ya yi aiki, ana kuma ƙirga yawan yaran da muka rubuta kowane mako. Wannan son kansa yana iya sa mutum ya gajarta bayani ko ya sassauta maganar haɗari ba tare da ya ji yana ƙarya ba. Ido ba ya ganin kansa.

Sa idon bai ƙare a ranar dangwale ba. Duk jaririn da aka kwantar a asibiti, ko da zazzaɓin cizon sauro ne, sai an kai rahoto cikin awa 24. Akwai wani kwamitin masana dabam da ke da ikon duba sakamakon a ɓoye, ya ce a dakatar in ya ga cutarwa. Masu bincikar aiki kan zo su zaro takardu ɗaya bayan ɗaya, su duba ko shaida ya sa hannu a rana guda da uwa. Wata uwa ta janye ɗanta ana tsakiyar aiki, ba ta faɗi dalili ba, ba mu kuma matsa ba. Bayan wata guda ta kawo shi da tari, aka duba shi aka ba shi magani.

Abin da har yanzu nake so in ga an ƙara shi ne mutanen karkara a cikin irin waɗannan kwamitoci, unguwarzoma ko malamin gari, wanda ya san abin da iyaye ke tsoro. Tambayar da aka fi yi mini ita ce ina ake kai jinin, wa ke riƙe da shi, har zuwa yaushe. Ya kamata amsar ta kasance a shafin farko na takarda, kuma lambar wayar da ke ƙasanta ta zama ta wanda zai ɗauka ya amsa da Hausa.