Yadda ake wuce mota a ranar tuƙi ta filin tsere

A Ingila, filayen tseren mota irin su Brands Hatch, Silverstone, Donington Park da Snetterton suna ware ranakun da kowa zai biya kuɗi ya shiga da motarsa ta gida, ya sa hular kwano, ya yi gudu iya ƙarfinsa. Babu gasa a ciki. An hana auna lokacin zagaye da agogo, saboda inshorar masu shirya ranar ba ta ɗauke nauyin tsere ba, kuma inshorarka ta titi a galibi tana tsayawa ne a bakin ƙofar filin. Idan mota biyu suka gogi juna, yawanci kowa shi zai biya gyaran tasa. Na daɗe ina tuƙi a irin waɗannan ranaku, kuma abin da na fi ganin yana jawo ɓacin rai da lotsewar bodi shi ne wucewa, domin a nan ne kaɗai mutum biyu da ba su san juna ba suke haɗa kafaɗa a gudun kilomita 160 a awa.

Dokar da ake karantawa a bayanin safe, wanda masu shirya ranar ke yi wa direbobi kafin a fara, gajera ce. Ana wucewa a miƙaƙƙiyar hanya kawai, ba a cikin kwana ba, ba kuma a wurin taka birki ba. Ana wucewa da yardar na gaba. Ana wucewa ta gefe ɗaya, wanda a mafi yawan filayen Ingila hagu ne. Na gaba ya kunna sigina ta dama, ya matsa dama, na baya ya bi ta hagunsa. Akwai filayen da ke juya dokar saboda inda layin gareji yake, wato hanyar da motoci ke bi su shiga filin ko su fita, shi ya sa ban taɓa yarda mutum ya ce ya san komai ya ƙi sauraron bayanin ba. Wanda ya koyi tuƙi a Najeriya, inda aka koma tafiya a hannun dama tun 1972, ko a Nijar, zai ji wucewa ta hagu daidai da hannunsa. Baturen Ingila kuwa ya saba wucewa ta dama a titi, don haka a zagayen farko na safe nakan bar wa kowa tazara har in ga ya gane.

Abin da na fi so sabon shiga ya riƙe shi ne, yawancin aikin yana wuyan na gaba, kuma aikin yana ƙafarsa ta dama. Sigina da matsawa gefe ba su isa ba. Dole ya sassauta totur. Lissafin a fili yake. A gudun kilomita 160 a awa mota na cin mita 44 a kowane sakan. Kafin na baya ya taso daga bayanka, ya jera da kai, ya wuce har ya sami wurin komawa layi, yana bukatar ya ci maka kimanin mita 25. Idan ya fi ka da kilomita 10 a awa kacal, wato ƙasa da mita 3 a sakan, zai ɗauki sakan 9, kun shafe mita 400 kuna jere. Filaye da yawa ba su da miƙaƙƙiyar hanya mai wannan tsawon kafin alamar birki. Idan kuwa ka ɗaga ƙafa har bambancin ya kai kilomita 30, sakan 3 sun isa, cikin abin da bai wuce mita 140 ba an gama. Ɗaga ƙafa nake nufi, rabin totur ko ƙasa da haka. Kada ka taka birki a tsakiyar hanya, domin na bayanka bai sa ran haka ba, kuma wataƙila akwai wata motar manne da shi.

Inda wannan ya fi ɓaci shi ne tsakanin babbar mota mai ƙarfi da ƙarama mara nauyi. Ɗauki BMW M5 mai ƙarfin doki sama da 500 da nauyin da ya kusa tan biyu, ka haɗa ta da tsohuwar Mazda MX-5 mai ƙarfin doki kusan 115 da nauyin tan ɗaya. A kwana ƙaramar za ta cika madubin babbar. Da an fito miƙe, mai babbar ya danna totur ya ɓace, ya ɗauka ya fi gudu. Bayan kwanoni biyu, ga ƙaramar ta dawo bambarsa. Haka za a yi ta yi zagaye bayan zagaye, motoci huɗu ko biyar su taru a baya kamar jerin gwanon masu rakiyar amarya, kowa ransa na ɓaci, kuma ɓacin rai ne ke sa wani ya kutsa inda aka hana. Ma'aunin da nake amfani da shi ɗaya ne: motar da ba ta cikin madubina a ɗazu, yanzu kuma tana ciki, ta fi ni gudu a zagaye gaba ɗaya, komai ƙarfin injina. Sai in ba ta hanya a miƙe na farko, in kuma bi bayanta in ga inda ta fi ni sauri. Wannan darasi ne kyauta, kuma ya fi amfani a kan ƙoƙarin tsere mata.

Madubi ana duba shi a wurare sanannu. Ina dubawa lokacin da na fito daga kwana sitiyari ya fara miƙewa, sannan sau ɗaya kafin in taka birki. A cikin kwana idona na gaba. Sababbin direbobi, saboda kunya, sukan yi ta kallon madubi a tsakiyar kwana, su bar layinsu ba zato don su ba da hanya, nan take su jefa kansu da na bayansu cikin haɗari. Idan mota ta riske ka a kwana, ka ci gaba da layinka yadda ka saba. Na baya ya riga ya karanta inda za ka bi, kuma abin da yake nema a wurinka shi ne kada ka ba shi mamaki. Kana iya kunna sigina tun kana fitowa, don ya san ka gan shi, ya shirya.

Ƙaramin zagayen Brands Hatch, wanda ake kira Indy, ya isa misali, domin tsawonsa kilomita 1.9 ne kawai, mota ta yau da kullum tana kewaye shi a kusan minti ɗaya, saboda haka ana yawan haɗuwa. Wurin wucewa na gaske shi ne Brabham Straight. Ana shiga shi daga Clark Curve, doguwar kwana ta dama wadda ke tura mota zuwa hagu a wajen fita. Mai ba da hanya sai ya rage gudu kaɗan tun a kwanar, ya riƙe dama maimakon ya bar motar ta buɗe, ya bar hagu ga mai wucewa. Amma a ƙarshen wannan miƙe, ta dama, nan ne motoci ke fitowa daga layin gareji, dab da Paddock Hill Bend, kwanar dama mai gangara sosai wadda ba ka ganin ƙarshenta sai ka shiga, da tsakuwa shimfiɗe a wajenta. Wanda ya matsa dama dole ya sa ido a kan masu fitowa, ya kuma sake duba madubin hagu kafin ya koma layi. Idan lokaci ya ƙure bai koma ba, ya zauna a dama, ya taka birki da wuri, ya shiga kwanar a hankali daga ciki. Komawa hagu a makare, lokacin da wani ke kan birki a wurin, shi ne ke haifar da karo.

A ɗaya gefen filin akwai Cooper Straight, gajere ne, kuma kwanar da ke ƙarshensa, Surtees, ta hagu ce. A nan mai wucewa ne ke samun kansa a ciki, a kan layin da ya fi matsi. Sai ya san cewa alamar birkin da ya saba ba ta da amfani a wannan zagayen. Dalili uku ne. Kwana ta fi tsuke daga ciki, don haka gudun shiga dole ya ragu. Sannan wajen layin gudu kwalta ba ta da tsabta: ƙura da ɓarɓashin robar taya suna taruwa a can, taya ba ta kama ƙasa yadda ta saba. Ga kuma ƙarin gudu da mutum ya samu saboda ya danne totur har ƙasa don ya wuce. Ni nakan ja birki baya da tsawon mota uku ko huɗu duk lokacin da na wuce wani, in ga yadda ƙasa take, maimakon in gwada sa'a.

A ɓangaren mai wucewa, shiri yana farawa tun kafin kwana. Manne wa bambar mutum a tsakiyar kwana kuskure ne ta fuska biyu: kana tsorata shi, kuma kana ɗaure kanka da gudunsa, sai ku fito tare ba ka da wani rinjaye. Na fi son in bar tsawon mota biyu ko uku a wajen shiga, in ɗauki layina cikakke, in fara totur kafin shi, in iso kusa da shi daidai lokacin da hanya ta miƙe. Daga nan sai jiran sigina. Idan ba ta zo ba, ba ni da izini, ko da gefen a buɗe yake. Sigina ɗaya kuma ta mota ɗaya ce. Idan ni ne na biyu a jere, ba na bin na farko ido rufe. Ina jira in ga na gaba ya ci gaba da zama a dama, siginarsa na ci, gudunsa bai ƙaru ba. Sau da yawa ya ga mota ɗaya ce kawai a madubi, da ta wuce sai ya dawo layi. Haka nan ba dole ba ne in karɓi hanyar da aka ba ni. Idan an ba ni a makare, rabin miƙen ya tafi, sai in zauna a baya in jira miƙe na gaba. Bayan wucewa, ba na yanko gabansa sai na ga gaban motarsa gaba ɗaya a madubin tsakiya, domin motar da ba ta kai tawa birki ba tana bukatar filin da ke gabanta. Ɗaga hannu na godiya ba ya cin komai, kuma yana sa a ba ka hanya da wuri a karo na gaba.

Tutocin da ma'aikatan filin ke ɗagawa a gefen hanya suna shiga wannan magana kai tsaye. Shuɗiya na nufin akwai mai sauri a bayanka, ka ba shi hanya a wurin da aka yarda na gaba. Ba umarnin kauce wa nan take ba ne. Rawaya na nufin haɗari a gaba: rage gudu, babu wucewa, ko da na gaba ya ba ka sigina. Ja ta tsayar da komai, kowa ya sassauta ya koma gareji a jere ba tare da wuce kowa ba. Baƙa kuwa kiranka ake yi ka zo ka yi bayani, kuma wucewa ba izini na cikin manyan dalilanta. Wanda ya maimaita ana iya sallamarsa gida.

Idan na sami kaina a bayan wanda ba ya duba madubi, ba na kunna masa fitila ko in yi ta lilo a bayansa. Ina shiga layin gareji, in bi shi a hankali bisa iyakar gudun wurin, in sake fitowa. Sakan 20 ko 30 sun raba mu, birkina ya ɗan huce. Idan abin ya ci gaba, sai in faɗa wa masu shirya ranar lambar motar. Su ne ke da hurumin yi masa magana, kuma sau da yawa sukan sa masa malamin tuƙi a gefe, abin da ya fi yi masa amfani.

Wanda zai fita Ingila ya sake koyon alamomin. A Amurka, ƙungiyoyi irin su National Auto Sport Association suna raba direbobi matakai huɗu bisa ƙwarewa, kuma da hannu ake ba da izini: taga a buɗe, ka miƙa hannu ka nuna hagu, ko ka ɗaga shi ta saman rufi ka nuna dama, nuni ɗaya ga kowace mota. A can na gaba yakan zauna a layinsa, mai wucewa ne ke fita daga layi. Hannu yana nuna inda za a bi ka, alhali sigina a Ingila tana nuna inda kai za ka matsa. Wanda ya cuɗa biyun zai juya zuwa daidai wurin da ya gayyaci wani. A Nürburgring ta Jamus, zagayen Nordschleife mai kilomita 20.8 yana ƙarƙashin dokar titin ƙasar a lokutan da aka buɗe shi ga jama'a: wucewa ta hagu kawai, mai tafiya a hankali ya riƙe dama da sigina. Babu bayanin safe, tudu da kwanoni da yawa ba a ganin abin da ke bayansu, kuma bambancin gudu tsakanin motoci ya fi na kowane filin Ingila da na sani, don haka madubi ya fi yawan aiki a can.

Ruwan sama yana sauya lissafin. Layin da aka saba bi, wanda roba ta goge, shi ne ke fin santsi, feshin ruwa yana rufe madubi, kuma ba kowa ke ganin sigina ba. A irin wannan rana ina kunna fitilun gaba da na baya, in ninka tazarar da nake bari, in kuma taƙaita wucewa ga miƙe mafi tsawo a filin. Haka nake yi a zagayen huce birki kafin in shiga gareji: sigina ta dama a kunne a kowane miƙe, mota a gefe, gudun da bai yi ƙasa sosai ba har ya zama tarko ga mai fitowa daga makauniyar kwana.