Gwaggo mai 'yar tsana

Kan keken Singer ɗin Gwaggo yana nan a shagona na Gadarif, a gabashin Sudan, a kan kanta, ba mai taɓa shi. Shi kaɗai muka fito da shi daga Omdurman da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Ƙafafunsa na ƙarfe can muka baro su, mota ba wuri. A cinya ta rungumo shi har muka iso. Bana Allah ya karɓi abarsa, Allah ya jiƙanta.

A Mai Wurno aka haife ta, garin da kakanninmu suka kafa a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar bayan yaƙin Burmi na 1903. Can ta fara ɗaura wa kara ƙyalle tana kiransa amarya. Aure ne ya kai ta Omdurman, inda ta tarar da 'yar tsanar sukari da ake sayarwa a filin Halifa, magajin Mahadin Sudan, lokacin Mauludi, wadda Larabawa ke kira arusa. Ta shiga yi wa masu sayarwa kwalliyar takarda, ana biyanta a kan dozin. Daga nan malaman makaranta suka san ta, suka fara kawo mata ɗinkin kayan wasan kwaikwayo, musamman gabanin bikin 'yancin kai na 1 ga Janairu.

Ina 'yar shekara goma sha biyu aka kai ni wurinta. Shekara guda ban taɓa almakashi ba, sai tsintar ƙyallaye da cusa auduga.

Aikin da ya fi ba ni wuya shi ne jibbar Ansaru, mayaƙan Mahadi, ta yaran da za su yi wasan yaƙin Karari na 1898. Na ɗauka rigar faci ce kawai, na manna ja da shuɗi inda hannuna ya faɗa. Ta juya rigar sau biyu, ta ce, "Ke 'yar nan, almajiri kika ɗinka ko mayaƙi?" Washegari ta ja ni gidan tarihi na Halifa, ta tsayar da ni gaban jibba ta gaske. Ashe kowane faci na dama yana da ɗan'uwansa a hagu. Riga ashirin na warware, ina kuka.

Dokarta ɗaya ce: ba a yanka yadin mutum sai an ɗinka wa 'yar tsana irin rigar tukuna. Mai kaya ya gani da idonsa, ya ce a rage nan, a ƙara can, sannan a yi ciniki. Mutane na ganin ɓata lokaci ne. Ni dai da wannan ban taɓa biyan kowa kuɗin yadi ba. Fuska kuwa ba ta yi musu, ɗigon zare biyu kawai, don kada malamai su yi magana.

Amaryar jirtik, wato al'adar bikin aure ta Sudan, mai jan tob, lulluɓin matan ƙasar, ita ce gwanintarta. Tob ba a ɗinka shi, naɗa shi ake yi, mita huɗu da rabi. To a ce ka fitar da wannan naɗin a jikin abin da bai wuce taƙi ɗaya ba! Da ruwan koko take ɗaure ninkin, ta bar shi ya kwana.

Yanzu ni da yara biyu ne a shagon. Ɗinkin makarantu ya yi ƙasa, 'yar tsanar roba ta Sin kuma ta fi tamu araha nesa ba kusa ba. Masu sayen namu yawanci matafiya ne, masu wucewa Masar ko Saudiyya, suna son 'ya'yansu su riƙa ganin tob ko da a hannu ne.

Da muka buɗe buhun ƙyallayenta bayan sadakar bakwai, mun samu amarya guda a ciki, an naɗa mata tob, saura hannun hagu. Yaran sun ce su ƙarasa ta, na ce su bari tukuna.