Abin da ake saye idan an sayi kamfanin injiniyoyi

A 2014 kamfanin AECOM na Amurka ya haɗiye URS, a shekarar kuma WSP na Kanada ya sayi Parsons Brinckerhoff. A 2017 Jacobs ya ɗauke CH2M, SNC-Lavalin ya sayi Atkins na Birtaniya a kan fam biliyan 2.1, har a 2023 ya koma amsa sunan AtkinsRéalis. Galibin kamfanonin da aka saya ba 'yan kwangilar gini ba ne masu jera katafila a fili. Aikinsu zane ne da lissafi da sa ido a kan gini. To me aka biya wa wannan maƙudan kuɗi?

Zamana a ofishin injiniyoyi a nan Zariya shi ya ba ni amsar. Mutane aka saya, da tarihin ayyukan da suka yi, da amanar da ke tsakaninsu da masu ba da aiki. Gwamnatin da za ta gina filin jirgi ko madatsar ruwa so take ta damƙa wa kamfani ɗaya komai, tun daga gwajin ƙasa har zuwa wayar lantarki da binciken muhalli. Wanda ba shi da duk waɗannan hannayen, sai dai ya sayo mai su.

Mu a nan ba ilimi muka rasa ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana yaye masu zanen gine-gine da injiniyoyin da ake ji da su a ƙasar nan. Amma leƙa ofisoshinmu daga Samaru zuwa PZ: oga ɗaya, yara uku ko huɗu, kwamfuta, janareta. Ran da tallar babban aiki ta fito a jarida, ana neman rahoton akanta na shekara uku, shaidar biyan haraji, takardar hukumar fansho PenCom da ta asusun horar da ma'aikata ITF, da jerin ma'aikata masu rajistar COREN da ARCON (hukumomin rajistar injiniyoyi da masu zanen gine-gine), sai ka ga ana ta buga wa malaman jami'a waya: "Ranka ya daɗe, a taimaka mana da takardunka mu haɗa." Ƙarshenta aikin ya tafi Abuja ko Legas, a dawo a ba mu ɗan guntu mu duba.

An taɓa haɗa ofisoshi uku, har da namu, don neman wani aiki. Kowa ya yarda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mun samu aikin. Rigimar ta fara ne a kan sunan wa zai hau saman takarda, ta ƙare a kan wa zai riƙe asusun banki. Ba a rubuta komai ba tun farko, don ana jin nauyin juna. Kunyar nan da muke ganin mutunci ce, ita ta raba mutanen da suka yi shekaru suna gaisawa.

Girma kaɗai ma ba ya burge ni. Kamfanin Wood ya sayi Amec Foster Wheeler a 2017, bashi ya yi masa katutu, a 2022 ya sayar wa WSP sashensa na muhalli da ababen more rayuwa. Kuma ƙwararren da aka sayo yana iya ajiye aiki gobe, masu ba da aiki su bi shi.

Wanda na fi ɗauka da muhimmanci shi ne kamfanin Arup na Birtaniya. Ove Arup ya kafa shi a 1946, ya rasu a 1988, kamfanin na nan, ana riƙe da shi amana don ma'aikatansa. Nan kuwa na ga ofishin wani dattijon mai zanen gine-gine bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa. Magada suka sayar da tebura, yaransa suka watse, zanen makarantu da asibitoci na shekara da shekaru yana naɗe a sito, gara ta cinye gefensa. Yau idan za a faɗaɗa ɗaya daga cikin gine-ginen nan, sai an sake awo daga tushe.

Shi ya sa na dage wa ogana a kan a ba matasan injiniyoyinmu biyu hannun jari, a rubuce, a kai Hukumar CAC mai rajistar kamfanoni. Da farko cewa ya yi, "Injiniya, tun ina raye za a raba gadona?" Na ce, "Yallaɓai, so nake ofishin ya ci gaba da amsa sunanka." Bai ce e ba tukuna, amma ya sa lauya ya kawo daftarin yarjejeniya.