Ranar da naira 950 ta fi miliyan ɗaya girma

Ƙannena masu koyon aikin rumbun bayanai, bari in ba ku labarin kunyar da na sha, ko ta hana ku shan irinta.

Shekarun baya na haɗa wa wani Alhaji mai sayar da hatsi rumbun bayanai a Microsoft Access, don a riƙa bin bashin da ke kan 'yan sari. A cikin kuweri ɗin, wato tambayar da ake jefa wa rumbun ya fito da amsa, na yi gurbin lissafi mai suna Saura: [Bashi]-[Biya]. Abu ya yi daidai. Sai Alhaji ya ce, "Yaro, kuɗin da suka kai dubu a cire musu kwabo, ƙanana a bar musu. Wanda kuma ya biya ya wuce, a sa nasa a baka." Ni ko da rawar kai na ce ranka ya daɗe, angama. Na ɗauko IIf, wato umarnin "in kaza ne yi kaza, in ba haka ba yi kaza", na jera, kowane reshe na naɗe shi da Format, umarnin da ke yi wa lamba ado, irin su Format([Saura],"#,##0"). A ido kam, takarda ta yi kyau har na ji kaina ya fashe.

Abin da ban sani ba shi ne, Format ba lamba take mayarwa ba. Rubutu take mayarwa. Da zarar ta taɓa lamba, kwamfuta ta daina ganin kuɗi, harufa kawai take gani, kamar sunan mutum. Shi kuwa rubutu ana jera shi ne harafi bayan harafi daga hagu. To da aka ce a jera masu bashi daga babba zuwa ƙarami, mai 950 ya hau sama saboda ya fara da 9, mai 85,000 ya biyo, mai 1,200,000 kuwa ya tafi can shafin ƙarshe ya yi kwanciyarsa. Yaron shago ya kwashe kwana biyu a kan babur yana bin masu ƙananan bashi, babban kifi na gida. Da akawun Alhaji ya tura jerin zuwa Excel ya sa SUM don ya tara jimla, sifili ya samu, domin SUM tsallake rubutu take yi. Alhaji bai yi faɗa ba. Kallona kawai ya yi ta saman tabarau, ya ce, "Wannan ce bokon?"

Alamar tana gabana tun ranar farko: lambobin sun jingina hagu. A Access lamba dama take jingina, rubutu hagu. In kun ga kuɗinku sun koma hagu, ku tsaya.

Gyaran ma bai kai wahalar ɓarnar ba. Ku bar gurbin lissafi a matsayin lamba, ku je takardar siffofinsa (Property Sheet), a layin Format, wanda daban yake da umarnin Format na ɗazu, ku rubuta ado. Wannan layin yana karɓar sassa huɗu da ake raba su da waƙafi mai ruwa (;): na lambar da ta haura sifili, na wadda ta gaza, na sifili, sai na gurbin da ba a cika ba. Misali:

#,##0.00;(#,##0.00)[Red];"-";"babu"

Wanda ya biya ya wuce zai fito a baka da ja, wanda ya gama biya zai samu ɗan layi, amma a ƙarƙashi lambar tana nan lafiya, ana jera ta, ana tara ta. Sharaɗin "in ya kai dubu" kuwa ba ya cikin sassan nan huɗu. Shi sai ku yi gurbi biyu: ɗaya lamba tsantsa don jeri da jimla, ɗaya na IIf da Format don ido kawai, a kan rahoto. Kada ku taɓa ɗora wani lissafi a kan na biyun.

Sai ku kula da wanda bai biya ko sisi ba. In gurbin Biya fayau yake, ragin ma fayau zai fito, mutum ya ɓace daga jimla. Nz([Biya],0), wadda ke sa sifili a gurbin da yake fayau, ke maganinsa. Round, mai mayar da lamba cikakkiya, ma tana da nata hali: Round(2.5) a Access biyu take bayarwa, Format kuwa uku, sai kwabo ya riƙa saɓawa ku rasa dalili.

Kada ku ce laifin Access ne don ta tsufa, sauran manhajojin rumbun bayanai ma haka suke. FORMAT ta SQL Server, wadda ta zo a 2012, rubutu take mayarwa, haka ta MySQL, haka TO_CHAR a Oracle da PostgreSQL. Ni dai ranar na gyara komai cikin minti goma, na sake buga takarda, mai 1,200,000 ya dawo layin farko, kuɗin man babur kuma daga aljihuna suka fita.